Ɗigo Uku a Man Kaɗe

Da Sarkin Aska Jibrin ya ga ƙarfinsa ya ƙare, sai ya kira 'ya'yansa biyu zaure ya raba musu gidajen aski kamar yadda ake raba gona. Dalhatu, babba, ya samu zabirar uban, da askarsa mai ƙotar ƙaho, da manyan gidajen Giwa Tazo da Dangamaji. Tun kakansu ake aski a gidajen nan, kuma kaka na yi ake aiko wa wanzami damin gero har ƙofar gida. Alu, ƙarami, ya samu abin da ya rage: 'yan gidaje a cikin Maiyama, da barikin ma'aikata inda malaman makaranta da akawuna baƙi suke zaune. Waɗannan ba su san dami ba, ba su san wanzamin gida ba. Yau suna nan, gobe an mayar da su Sakkwato.

Alu ya karɓi rabonsa. Dalhatu ma ya karɓi nasa, ai haka ake yi.

Abu ɗaya tsohon ya haɗa su a kai. Hannun wanzami ba ya kaiwa ƙeyarsa, don haka ya ce duk Alhamis su aske juna. Ya rasu, suka riƙe. Shekara bakwai, kowace Alhamis da hantsi, gindin darbejiyar ƙofar gidansu, babba ya duƙa wa ƙarami, ƙarami ya duƙa wa babba.

Wata Alhamis, cikin shekarar da masu haƙa rijiyoyin burtsatse suka zo daga Sakkwato, Dalhatu ya fito ya tarar Alu ya hura wuta tsakanin duwatsu uku, ya ɗora gwangwanin madara. Aska ce a ciki tana tafasa.

"Mi kaka dahwawa, rogo?"

"Aska ce, Yaya. Malama Rhoda tac ce makero bin aska shika yi, daga wanga kai zuwa wancan."

Dalhatu ya san Rhoda daga nesa. Ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin shan magani, 'yar Zuru, Alu ke yi wa mijinta aski.

"Malama Rhoda ta taɓa riƙe aska?"

Alu ya jawo kayan aikinsa. Ya zura hannu cikin zabira ya fito da wata 'yar kwalba mai ruwan ƙasa, tsawonta bai wuce babban yatsa ba. Ya cire murfin ya miƙa. Dalhatu ya shinshina. Ya kasa rabewa ko ƙamshi ne ko wari, kamar kafur, kamar ɗanyen ganyen turare da aka murza.

"Wani Bature cikin masu rijiya ya yanke a hannu, ta yi mai ɗauri. Da zai tahi yab bar mata. Man wani icce ne na ƙasarsu, can Ostareliya. Sunan shayi sunka sa mai, amma ba a sha, tac ce ko a harshe kar in yarda. Ita tana da maganin asibiti, sai tab ba ni, tunda ni ka ganin kawuna." Alu ya ɗaga yatsu. "Ɗigo uku cikin gwangwanin man kaɗe. Ba a ƙarawa. Kuma ba a sa shi tsagwaronsa."

"Ɗigo uku," in ji Dalhatu. "Baba kan cika tafin hannu da garin magani, shi tsaga, shi cusa. Kai an ba ka ɗigo uku kana rawar jiki."

"In kana so in zuba ma a gwangwani."

"Riƙe abinka. Kuma ka ɗauko aska mai sanyi, ban son dahwahhiya a kaina. Zafi kashe kaifi shika yi."

Alu ya ɗauko wata, ya aske shi.

Kafin albasa ta nuna, maganar kwalbar ta bar bariki. Akawunan da kurajen aski suka ɓata wa wuya suka fara. Sai masu lambun Aliero, waɗanda tsayuwa cikin ruwa ta cinye wa tsakanin yatsun ƙafa. Sai mata suka shiga aikowa da 'yan gwangwanaye, wannan ta ce amosani, wannan ta ce ƙwarƙwatar 'yarta, wata kuma kurajen fuska, ga bikinta ya matso. Duk inda Alu ya wuce a kan kekensa warin nan na biye da shi. A gida ma Dalhatu ba ya tsira. Zaurensu ɗaya, a ƙusoshi biyu na bango ɗaya suke rataye zabira, kuma warin ta Alu ya cika zauren.

Dalhatu ya daure. Bariki ne da Aliero, ba gidajensa ba.

Sai ranar da ya je Giwa Tazo.

Gidan Alhaji Maigari shi ne babban gidansa. Manomi ne mai rumbuna da yawa, kawunan maza a gidan sun haura ashirin, kuma babu jaririn da aka taɓa yi wa askin suna a can da wata aska in ba ta Sarkin Aska ba. Dalhatu ya jingine keke, ya yi sallama, ya shiga zaure. Tun kafin ya zauna hancinsa ya gaya masa.

Jikokin Alhaji uku suka zo gaishe shi. Watanni ke nan yana fama da makero a kawunan nan, ya shafa toka, ya shafa ruwan tumfafiya, ya tsaga ya cusa gari. Yau kawunan na sheƙi da man kaɗe, inda a da yake fari fat gashi ya fara tsirowa.

"Sarkin Aska ƙarami," in ji Alhaji daga kan buzunsa. "Ka ga aikin ƙanenka?"

"Na gani, Alhaji."

"Uwassu ce tat tahi awo Maiyama, malamar asibiti ta tura ta wurinai. Bai taɓa su da aska ba, kar ka ce an shiga gonarka. Mai kawai yab ba da." Alhaji ya cire hula ya miƙo kai. "Yac ce min dahwa aska shika yi. Kai kana dahwa taka?"

"Askar Baba ba ta taɓa shiga ruwan zafi ba, Allah shi daɗe da ranka."

"To. Ni dai na lura makeron nan bai shiga gidan da ba ka shiga ba." Ya yi dariya, mutanen zauren suka taya shi. "Wasa nika yi, ɗan Jibrin. Aske."

Dalhatu ya wasa aska a fata fiye da yadda take bukata. Yana cikin askin sai Alhaji ya ce matar ɗansa na fari ta kusa sauka, in namiji ne sunan mahaifinsa za a mayar.

"Ran suna ka zo da ƙanenka. Ko in aiki ya yi ma yawa, shi zo shi kaɗai."

Dalhatu ya ci gaba da askin. Ya gama, ya goge aska, ya yi godiya. Sai da ya fita gari ya ga ashe bai ɗaure bakin zabira ba.

A makon nan ne ya ji ƙaiƙayi sama da kunnensa na hagu. Ya shiga ɗaki, ya ɗauki madubin matarsa Laraba, ya karkata kai. Wani zagaye ne kamar kwabo, fari, yana ɓarɓashi, gashin wurin ya karkarye. Ya daɗe yana kallo. Ya san abin nan fiye da yadda ya san tafin hannunsa. Ya mayar da hula ya danna ta har kunne.

Wanzami mai makero. Wa zai ba shi kan jariri?

Alhamis ta zo, Alu ya shimfiɗa tabarma gindin darbejiya.

"Yaya, rana na yi."

"Kaina na ciwo. Bari sai wani mako."

"To ni ka aske ni."

"Ka tahi bariki su dahwa ma."

Alhamis ta biyu ya fita tun da sassafe. Ta uku Alu bai shimfiɗa tabarmar ba. Gashi ya taru a ƙarƙashin hular Dalhatu, zagayen ya zama biyu, na biyun ya fi na farko faɗi. Da hula yake kwana. In zai yi alwala sai ya zaga bayan rumbu.

Ran kasuwar Jega ya hau mota ya tafi. Ya bi rumfunan masu magani ɗaya bayan ɗaya yana kwatanta kwalbar da yatsa, yana kwatanta warin. Aka nuna masa kafur, aka nuna masa man zafi, aka nuna masa wani turare daga Makka. Ba ko ɗaya. A rumfa ta ƙarshe mai maganin ya ce, "Abin da kaka nema sai Maiyama. Akwai wani wanzami can, Alu mai kwalba. Ka tambaya, kowa ya san shi."

"Ɗan wa ne?" in ji Dalhatu.

"Wa ya sani. An dai ce shina da wa, shi ma wanzami."

Ya koma gida bai sayi ko goro ba.

Ran Lahadi aka aiko daga Giwa Tazo, an sauka lafiya, namiji. Suna Lahadi mai zuwa. A gaban Dalhatu ɗan aiken ya juya ya ce wa Alu, "Alhaji na gaishe ka, yac ce kar ka manta da maganarku." Alu ya dubi ƙasa. Dalhatu ya shige gida.

Wace magana? Bai tambaya ba. Kwana biyar yana juya ta. In ya ga Alu na wasa aska, sai ya ce don suna ne. In ya ga ya wanke riga, sai ya ce don suna ne. Ya tuna yadda ya koya wa yaron nan riƙon aska a kan ƙwarya, yadda yake kuka in ya ga jini. Yanzu shi ne mai kwalba, shi kuma Dalhatu an ce shi ma wanzami ne.

Ran Juma'a Alu ya riga shi tafiya masallaci. Zabirar na rataye a ƙusarta. Dalhatu ya tsaya a gabanta da babbar riga a jikinsa, yana jin ladan. Kwalbar na cikin ƙaramin aljihu, an naɗe ta da tsumma. Man da ke ciki ya haura rabi.

Ya ɗauki kwalbar, bai ce wa ransa sata ce ba. Gidan ubansu ne, zauren ubansu ne.

Bayan an sauko ya kulle kansa a ɗaki, ya jingina madubi da tulu, ya cire hula. Ya san abin da Alu ya ce. Amma ɗigo uku na kan yara ne, na wanda yake da wata biyu a gabansa. Shi kwana biyu gare shi. Kuma abin da Rhoda ba ta sani ba, wanda Alu ya manta, shi ne magani ba ya shiga jiki sai an buɗe masa ƙofa. Haka uba ya koya musu, haka kaka ya koya wa uba. Ya ɗauki askar Sarkin Aska, ya share gashin gefen da lalube, ya yi shasshawa ƙanana a jere a kan zagayen biyu har jini ya tsattsafo. Sannan ya karkata kwalbar ya tsiyaya man, tsagwaronsa, ya murza da babban yatsa.

Da farko sanyi ya ji. Sai zafin ya zo. Ya ciji hannun rigarsa, hawaye na zuba ba da izininsa ba. A cikin zafin nan ransa ya yi fari. Maganin da ke cizo haka aiki yake yi. Ashe abin da Alu ke ɓoyewa ke nan a cikin man kaɗe.

Ran Asabar da safe wurin ya yi ja, ya tashi. Ya ce cutar ce ke fitowa. Ya ƙara. Da la'asar ya ƙara na uku, ya danna hula. A zaure ya ji Alu na zazzage zabira, yana tambayar matarsa ko ta ga wani abu naɗe a tsumma. Bai fito ba.

Asubahin Lahadi Laraba ta tashe shi, ta duba fuskarsa, ta fita kiran Alu. Ya so ya kira ta ya hana. Idonsa na hagu ya rufe ruf, na dama ya rage tsaga kamar bakin asusu. Kunnen ya yi nauyi kamar ba nasa ba. Ya kai hannu ga hula, ta manne.

Ya ji takun Alu, ya ji ya tsaya a bakin ƙofa. Ɗakin duk warin ne, ba abin da za a ɓoye.

"Laraba, kawo ruwan ɗumi," in ji Alu.

Ya durƙusa ya jiƙa hular a hankali, yana ɗagawa kaɗan-kaɗan. Da hular ta fita Laraba ta yi salati ta juya baya. Alu ya duba kan.

"Tsagawa kay yi."

"Na tsaga."

"Sau nawa ka zuba?"

"Uku."

"Ina kwalbar take?"

Dalhatu ya nuna bayan tulu. Ya ji Alu ya ɗauko ta ya girgiza kusa da kunne. Ɗan abin da ya yi motsi a ciki bai kai a kira shi ƙara ba.

"Da ta kai mu damina biyu," in ji Alu. "Baturen ya koma ƙasarsu. Akwai ɗiyan makaranta goma sha ɗaya da na fara ma, ban gama ba."

Dalhatu ya nemi kunya a ransa, ya same ta. Amma a ƙarƙashinta akwai wani abu mai sanyi da ya ji daɗinsa. Kwalba ta ƙare. Sai a ga abin da za a kira Alu da shi yanzu.

"Ka tahi," ya ce. "Suna jiranka. Ai kuna da magana da Alhaji."

"Wace magana?"

"Kai ka sani."

Alu ya ajiye kwalbar. "Sau biyu shina aiko min in zo in yi askin. Sau biyu ina cewa gidan Yaya ne, Baba ya ba shi. Maganar da yac ce kar in manta, man kaɗe ne na ƙahwar matarsa. Shi zan ba ka ka kai." Ya matse tsumma a ruwa. "Da ka bari na aske ka tun Alhamis ta farko, da yanzu ba wanda ya san an yi."

A waje zakaru sun gama, an fara daka.

"Rana za ta yi," in ji Laraba daga bakin ƙofa. "An yanka rago ba wanzami, mi za a ce?"

Can Alu ya ce, "Ba ni askar Baba. Kawunan gidan nan ba su san wata ba."

Tana ƙarƙashin matashi. Dalhatu ya lalubo ta, ya riƙe ƙotar da hannun ubansu ya goge har ta yi santsi. Ya miƙa ba tare da ya juya ba.

Ya zaci zai ji ƙarar keke. Sai ya ji ana karya kara a tsakar gida, ya ji ana hura wuta, ya ji an ɗora gwangwani. Yana zaune a duhun idonsa, yana ji, har ruwan ya fara tafasa, ƙarfen na bugun gindin gwangwani a hankali.

Da hantsi Rhoda ta zo, Alu ne ya biya ya gaya mata. Ta wanke kan da ruwan gishiri, ta shafa wani farin mai na asibiti, ta naɗa bandeji. Hannunta ba nauyi.

"Malam Dalhatu, ka ƙona kanka kamar da wuta. Ba a sa shi a ciwo buɗaɗɗe, ba a sa shi haka nan. Alu bai faɗa maka ba?"

"Ya hwaɗi."

"To." Ta ɗaure bakin bandejin. "Kumburin zai sauka cikin kwana uku. Makeron yana nan, shi sai ka zo na ba ka magani. Gashin wurin da ka tsaga, ban yi maka alkawari ba."

Ya yi mata godiya, don ba yadda zai yi.

Bayan azahar Alu ya dawo. Idon dama ya ɗan buɗe, Dalhatu ya gan shi ya shigo da ƙura a ƙafa, ya ajiye karfatar rago naɗe a ganye, da goro, da ƙwaryar gero. Rabon wanzami. Duka ya tura gabansa.

"Na ce zazzaɓi ne ya kwantar da kai. Suna yi ma sannu."

"Yaron fa?"

"Bai yi kuka sosai ba. Kai gare shi awa na kakanai."

"Alhaji mi yac ce?"

"Ya ga ina dahwa askar a gabansu. Ban so in yi a ɓoye ba, sai na sake dahwawa can. Yat tambaya ko daga yanzu ni zan riƙa zuwa."

"Mi kac ce?"

"Na ce sai na tambaye ka."

Dalhatu ya kalli naman. Da Alu ya ce ya karɓa, da ya san abin da zai yi da shi, da ya samu abin riƙewa har ƙarshen ransa. Amma an kawo masa gidan ubansa a ajiye a gabansa kamar goron sadaka, ana jiran ya ce a ba shi. In ya ce a'a, zai koma Giwa Tazo da tabo a gefen kai, kowa a zauren ya san ƙanensa ne ya bar masa. Kuma Alhaji zai tambaya ina gwangwani.

"Ka riƙa zuwa," ya ce.

"Yaya, har ka warke dai."

"Na ce ka riƙa zuwa. Ɗauke namanka."

Alu bai ɗauka ba. Ya zaro askar daga aljihu, naɗe a farin ƙyalle, ya ajiye a gefen tabarma. A bakin ƙofa ya tsaya.

"Alhamis in ta zo zan shimfiɗa tabarma. Gefen dama ya yi gashi da yawa."

Ya fita.

Dalhatu ya daɗe bai taɓa ta ba. Da ya ga ba kowa, ya warware ƙyallen. Ƙotar ta ɗan yi fari inda ruwa ya taɓa, kuma warin nan ya kama ta, daga hannun Alu. Ya buɗe ta, ya naɗe hannun riga, ya ɗora kaifin a kan gashin damtsensa. Yana so ta ja. Yana so ta tsaya ta yi gardama, ya samu abin da zai nuna.

Ta wuce sumul. Gashin ya zubo a kan tabarma, fata ta fito fes.

Ya sake gwadawa a ɗaya hannun.